Tambaya da Amsa: Ta Ina Mai Zanen Katun Yake Farawa?

Wasiƙu uku ne muka ware wa filinmu na wannan fitowa, biyu daga Jigawa, ɗaya daga Kano, kuma dukkansu a kan sana'a guda suke, wato ba da labari da zane, ko a littafi ko a fim ɗin katun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni matashi ne ɗan shekara 19 daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Da damina ina taya mahaifina aikin gona, da rani kuma ina koyon rubutun allon shaguna a wurin maigidana a cikin gari. Tun ina firamare nake zane a bayan littattafaina. Burina in riƙa yin fim ɗin katun da Hausa, ba wanda aka ɗora wa fassara ba. Ba ni da kwamfuta, sai ƙaramar waya. Ta ina zan fara, kuma mene ne aikin darakta a fim ɗin da babu 'yan wasa a cikinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari mu fara da lissafi, domin shi ne zai nuna maka ƙofar da ta kamata ka shiga ta cikinta. Abin da ido yake gani a matsayin motsi a fim, hotuna ne tsayayyu da ake gilmawa da su da sauri, guda 24 a kowane sakan. Masu zanen katun sukan rage wa kansu wahala su nuna kowane zane sau biyu, sai sakan ɗaya ya ci zane 12. Ke nan minti ɗaya zai ci zane 720, fim mai tsawon minti biyar kuma zai ci 3,600. Idan kana iya gama zane 20 a rana ba tare da fashi ba, wata shida ke nan kafin ka ga ƙarshen minti biyar, ba a sa lokacin fenti da ɗaukar murya da haɗawa ba. Wannan labarin na minti biyar kuwa, idan a takarda ka zana shi cikin ɗakuna-ɗakuna, mutane suna magana a cikin ƴan da'irori, shafi takwas zuwa goma ya ishe shi, kuma za ka iya kammalawa cikin mako biyu ko uku da fensir da biro baƙi. Saboda haka shawarata ita ce ka fara da littafin labari cikin zane, ka bar motsi ya biyo baya.

Ba don ba ka da kwamfuta kawai na faɗi haka ba, domin manyan wannan sana'a da yawa ta nan suka bi. Hayao Miyazaki na ƙasar Japan, wanda aka haifa a 1941, ya shiga kamfanin katun na Toei a 1963 a matsayi mafi ƙanƙanta, wato mai cike zanen tsakani: babban mai zane ya zana farkon motsi da ƙarshensa, shi kuma ya zana abin da ke tsakaninsu. Sai a 1979, bayan shekara 16, ya ba da umarnin dogon fim ɗinsa na farko. A 1982 ya fara fitar da labarin Nausicaä a mujalla cikin zane, karɓuwar da labarin ya samu a takarda ita ta buɗe hanyar mayar da shi fim a 1984, kuma a bayan wannan fim ne shi da abokan aikinsa suka kafa kamfanin katun na Ghibli a 1985. Bai daina zana littafin ba sai a 1994, ga shi kuwa a lokacin ya riga ya zama babban darakta. A nan gida Najeriya ma haka ta faru da Roye Okupe, ɗan Legas da ya karanci kimiyyar kwamfuta a Amurka. Fim ɗin katun ya so yi tun farko, da bai samu masu zuba kuɗi ba sai ya juya ga littafi, ya fitar da na farko a 2015, daga baya ya fitar da Malika, wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Sai a 2025 aka fara nuna labarinsa na Iyanu a talabijin a matsayin katun mai dogon zango. Shekara goma littattafan suna yi masa shaida a gaban masu kuɗi kafin a yarda da shi.

Wanda na fi so ka riƙe sunansa kuwa maƙwabcinmu ne, Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara yin fim ɗin katun a Afirka ta kudu da Sahara. Kanikanci ya fara koya, kuma tun yana yaro yake zana hotuna yana haska su da fitila ana taruwa ana kallo. Daga baya ya yi aiki da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai, a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani a wurin gwanin katun Norman McLaren, a 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, gajeren fim a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. Yana da wani fim ɗin mai suna Kokoa, inda kwaɗi suke kokawar gargajiya a fage, da makaɗa da 'yan kallo, kuma da 'yan tsana ya yi shi, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto. A Tawa ya yi zamansa na ƙarshen rayuwa, yana aiki da abin da hannunsa ya kai gare shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa bayan kaka zai gane cewa mutumin nan daga ƙofar gidansu ya ɗebo labarinsa.

Yanzu batun darakta. A fim ɗin Kannywood, idan fitowa ba ta yi kyau ba, darakta zai ce a sake, a sake ɗin kuma minti kaɗan ne. A katun kuwa kalmar "a sake" tana iya cin aikin mako guda, don haka daraktan katun yakan gama yanke hukuncinsa tun kafin a fara zanen motsi. Shi ne zai zana ko ya sa a zana labarin gaba ɗaya a ƙananan hotuna jere, ya nuna inda za a matso kusa da fuska da inda za a ja baya a ga gari duka, ya ƙayyade sakan nawa kowace fitowa za ta ɗauka. Sannan a ɗauki muryoyi, domin a mafi yawan wurare murya ake fara ɗauka, a auna motsin baki da ita. Sai a jera waɗancan hotuna tsayayyu a kan muryar a kalla kamar fim, a yanke abin yankewa tun yana da arha. Ka lura da kyau, wannan jerin hotuna da darakta yake shiryawa ɗan'uwan littafin labari cikin zane ne na jini. Wanda ya iya raba shafi gida shida, ya san abin da zai nuna da abin da zai bar wa mai karatu ya cike da kansa, ya riga ya fara koyon ba da umarni ko bai sani ba.

Shi motsi kuwa da ido ake fara koyonsa kafin hannu, kuma a nan ka fi ɗan birni sa'a. Ka zauna ka kalli mace tana daka. Taɓarya takan yi jinkiri idan ta kai ƙololuwa, kamar ta tsaya, sannan ta faɗo cikin turmi da sauri. A takarda, ma'anar wannan ita ce zane da yawa kusa da juna a sama, zane biyu ko uku masu nisa da juna a wajen faɗowa. Idan ka raba tazarar daidai wa daida, taɓaryar za ta zama ba ta da nauyi, mai kallo kuma zai ji wani abu bai yi ba ko da bai san mene ne ba. Ka kalli raƙumi, za ka ga ƙafafunsa biyu na ɓangare ɗaya suke tafiya tare, shi ya sa yake rangaji. Ka kalli kaza, kanta yakan tsaya cik jiki ya iso, sannan ta sake jefa shi gaba. Ka sami ƙaramin littafi da ba ya rabuwa da aljihunka, ranar kasuwa ka zana mutane yadda suke tsugunne a gaban kaya, da yadda babbar riga take zuba daga kafaɗa, da yadda dillali yake riƙe akuya. Ba kyan zanen ake nema a nan ba, kama yanayin ake nema cikin daƙiƙu kaɗan. Ina so kuma ka ziyarci Dutsen Habude da Dutsen Mesa da ke nan Birnin Kudu, inda mutanen dauri suka zana shanu a jikin dutse tun ƙarnoni da suka shuɗe, ka dubi yadda suka kama ƙaho da ƙirar jikin saniya da layuka ƙalilan.

Game da kayan aiki, wayarka ta isa gwaji. Akwai manhajar FlipaClip da ake zana motsi da ita a waya, akwai kuma Stop Motion Studio wadda take jera hotunan da ka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Da ita za ka iya sa shanun yumɓu da motar kara irin ta yaran ƙauye su yi tafiya, muddin ka ɗaure wayar ba ta motsi, kuma ka yi aikin a ɗaka da fitilar sola, saboda rana tana tafiya, inuwarta za ta sa hoton ya riƙa rawa. Kada gwajinka na farko ya wuce sakan goma. Ranar da Allah ya hore kwamfuta, manhajojin Krita da OpenToonz da Blender duk kyauta ne, kuma kada kyautar ta sa ka raina su: da Blender aka yi fim ɗin Flow na Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya, wanda ya ci lambar Oscar a 2025, shi kuma dogon fim ɗinsa na farko a 2019 shi kaɗai ya yi shi. Rubutun allon shagon da kake koya ma kada ka bari, domin yana horar da hannu ga tsayayyen layi, kuma duk mai yin littafin zane yana bukatar rubutu mai karantuwa.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni manomi ne, ina ɗan taɓa kiwo, a wani ƙauye ta wajen Ɗambatta. Ɗana na biyu ya gama sakandare, na so ya karanci aikin lafiya, shi kuma ya kafe sai zane, wai zai riƙa yin katun. Tambayata biyu ce. Shin ana riƙe gida da wannan sana'a? Sannan na ji malamai suna tsoratarwa game da zana abu mai rai, to yaya ke nan?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, ya shirya mana zuriya. Damuwarku tana kan hanya, kuma ba zan ɓoye muku komai ba. Ana cin abinci da sana'ar, amma ba ta da albashin ƙarshen wata kamar aikin asibiti, kuma shekarun farko suna da wuya. Wanda ya dogara da sayar da fim ɗinsa kaɗai a ƙasar Hausa zai sha wahala, domin da fim ya fita zai isa hannun masu tura fina-finai a waya, ya zaga ƙauyuka mai shi bai ga ko sisi ba. A YouTube kuma ba a fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da kallon awa 4,000 cikin wata goma sha biyu, sannan abin da ake biya a kan masu kallo na Najeriya bai kai na Turai da Amurka ba. Wanda yake cin watanni kafin ya fitar da minti uku ba zai iya gogayya a wannan fage da mai ɗaukar wasan barkwanci kullum ba.

Abin da yake riƙe yawancin masu wannan aiki shi ne kwangila: tallar kaya, saƙonnin wayar da kai a kan rigakafi da tsafta da noma, hotunan littattafan firamare, bangon littattafan hikaya, da rubutu mai motsi da ake buɗe fina-finai da shi. Da wannan suke ciyar da gida, su kuma gina nasu labarin a gefe. Sana'ar tana girma a Najeriya, ko da yake ƙarfinta yana Legas da Abuja. Adamu Waziri, wanda ya karanci zanen gine-gine, ya fara fitar da shirin yara na Bino and Fino daga Abuja a 2010. A 2020 aka nuna dogon fim ɗin katun na Najeriya mai suna Lady Buckit and the Motley Mopsters a gidajen sinima, a 2024 kuma kamfanin Disney ya fitar da Iwájú tare da kamfanin Kugali. A ganina gurbin Hausa har yanzu a buɗe yake, domin ga miliyoyin yara masu jin harshen, amma abin da suke kallo a wayoyin iyayensu kusan duk na wasu ne.

Shawarata, Baba, kada a hana shi, kada kuma a sake shi haka kawai. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da tsohon sashen koyar da zane wanda ya yaye fitattun masu fasahar ƙasar nan, akwai makarantar koyon aikin fim ta ƙasa a Jos, kuma kwalejojin ilimi da dama suna koyar da zane a matakin NCE. Wannan ta ƙarshe ita na fi ba ku shawara a kai idan hali bai yi yawa ba, saboda zai fito da takardar koyarwa da zai iya neman aiki da ita, ga kuma hannunsa ya samu horo. Kafin a kashe kuɗi, ku gindaya masa sharaɗi: daga yanzu zuwa girbi ya kawo muku cikakken labari mai shafi 16 da ya zana daga farko har ƙarshe, ba tare da ya bar aikin gona ba. Masu sha'awar zane suna da yawa, masu haƙurin kammalawa su ne kaɗan, kuma a nan za ku gane ko wanne ne ɗanku.

Tambayarku ta biyu kuwa mai nauyi ce. Gaskiya ne akwai ingantattun hadisai a Bukhari da Muslim da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai, kuma wasu malamai sun ɗauki hanin ya haɗa har da zanen takarda. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin cikakken mutum-mutumi mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da yake a shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, wanda ba su kai shi ga haramci ba. An kuma yi rangwame a kan 'yan tsanar yara saboda hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, kuma a kan wannan ne wasu malaman zamani suka halatta katun na tarbiyya da koyarwa. Filin nan ba na fatawa ba ne. Ku ɗauki yaron da zanensa ku je wurin malamin da kuka amince da iliminsa, ku nuna masa ainihin abin da ake son yi da manufarsa, domin amsar da aka bayar bayan an ga aikin ta fi wadda aka bayar a kan jita-jita.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a yankin Haɗeja. Na rubuta tatsuniyoyi sama da ashirin daga bakin kakata kafin ta rasu, ina so su zama littafin zane, wata rana ma fim. Matsalar ita ce ban iya zane ba. Ina da wuri a wannan sana'a?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan kakarki, ya saka miki da alheri da kika rubuta tun tana raye. Kina da wuri, babba ma kuwa. Marguerite Abouet, haifaffiyar Abidjan a ƙasar Ivory Coast, ita ta rubuta labarin Aya de Yopougon daga tunanin unguwar da ta tashi, Clément Oubrerie ya zana, littafin farko ya fito a 2005, a 2013 kuma su biyun suka ba da umarnin fim ɗinsa tare. Abin da za ki koya shi ne rubutu domin mai zane, wanda ya bambanta da rubutun zube. Ki raba tatsuniyar shafi-shafi, a kowane shafi ki faɗi hoto nawa ne, wa ke ciki, me yake yi, me ya ce. Duk abin da hoto ya nuna kada ki maimaita shi da kalma. Idan an ga Gizo yana leƙen rumbu, ba sai an rubuta cewa yana leƙe ba, tsamin bakinsa da ƙaryar da zai shirga wa Ƙoƙi su ne naki. Waƙoƙin da ke cikin tatsuniyoyin ki ɗauke su a waya da muryar wadda ta san karinsu tun yanzu, domin takarda ba ta riƙe kari, kuma ranar da za a yi fim su za a fara nema. Ina roƙonki kuma kada ki goge Hausar kakarki ki mayar da ita ta rediyo. Kalmomin ƙasar Haɗeja da take faɗa ki bar su a bakin masu magana.

Kafin mai zane ya ɗora fensir, ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, ko da ɗan'uwanki ne: ko biyansa za ki yi a kan kowane shafi zanen ya zama naki, ko tarayya za ku yi, da kason kowa idan an sayar ko an mayar da shi fim. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutunki da zanensa tun daga lokacin da aka sa su a takarda. Ita tatsuniyar kanta gadon al'umma ce, kuma dokar ta yi mata tanadi na musamman, don haka ki tuntuɓi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa kafin ki kai littafin kasuwa. Idan a Kano za a buga ko a nuna, akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001.

Ki fara da tatsuniya ɗaya, baƙi da fari. Fallen takarda huɗu idan aka naɗe su biyu suna ba da shafi 16, kuma injin hoton takarda ya isa fitar da kwafi talatin. Ki tabbatar mai buga rubutun yana da haruffan ɓ da ɗ da ƙ, in babu a rubuta da hannu. Sai ki raba wa 'yan aji huɗu ko biyar ba tare da kin yi musu bayani ba, ki koma bayan aji ki zuba ido. Shafin da kika ga yara suna komawa baya ko suna tambayar juna, ki yi masa alama da jan biro, ki mayar wa mai zanen ku gyara shi tare kafin ku taɓa tatsuniya ta biyu.